Igiya Ba Ta Cikin Ciniki

Tattasai ne ya tona asirin idon Baba. Wata ranar kasuwa yana dawowa daga Dayi, ya iso inda mata suke shanya tattasai a bakin titi. Ya hangi ja a shimfiɗe, ya ɗauka jar ƙasar gefen hanya ce, sai ya sauka daga kan kwalta don ya ba wata tirela wuri. Ya bi ta kan shanyar nan tun daga farkonta har ƙarshenta. Matar da ke gadi Allah ne ya yi da sauran kwananta, ta yi tsalle ta faɗa gona, amma tabarmar da take zaune a kai sai da taya ta bi ta kanta. Baba ya tsaya ya ba da haƙuri, ya biya tattasai, ya dawo gida ya ci tuwonsa bai ce wa kowa uffan ba. Ni ina shagona na taki da maganin feshi a Funtua labarin ya same ni, a bakin wani direba da ya zo sayen maganin ciyawa. Yana ba ni yana dariya, don bai san ubana ba ne.

Na je na ɗauke shi na kai shi wajen likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye gefe da gefe, abin da ya saura ɗan tsakiya ne kamar mai leƙe ta ƙofar makulli. Wanda ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma sai an lallaɓa shi da magani. Tuƙi kuwa, ya ce a manta da shi. Baba ya ce, "To." Na san wannan to ɗin. Ita yake ce wa Inna duk lokacin da ta ce ya rage cin goro.

Da muka koma gida Inna ta ja ni bayan rumbu. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba in tana magana, amma ranar ta dube ni sosai.

"Kai, saurara. Muddin motar nan tana ƙohwar gida, ran da ruwa ya sauka wani ya zo ya ce ya kahe a mashigi, Alhaji zai tashi. Ko ka ɓoye makulli ya san wayar da zai haɗa. Ka raba shi da ita kahin damina, in dai kana so mu ƙare da shi lahiya."

Lokacin ana tsakiyar zafin bazara, an fara sharar gona. Ke nan lokacin da nake da shi ba shi da yawa.

Motar 'yar Ingila ce, irin tsofaffin nan masu kusurwa huɗu da malaman gona suke yawo da su zamanin da auduga take auduga. A gwanjo Baba ya saye ta ina makarantar firamare. Koriya ce a asali, amma rana ta cinye fentin har ya koma launin miyar kuka da ta kwana. Jikinta alminiyam ne, ba ta san tsatsa ba. Kusa da babbar giya akwai wata 'yar sanda mai jan kai, in aka ja ta sai ƙafafu huɗun duk su ɗauki aiki, motar ta rage sauri ta ƙara ƙarfi. A ƙarfen gabanta kuma akwai igiya a naɗe, mai kaurin tsintsiyar hannu, wadda wani direban tirela ya kawo wa Baba daga Ikko, ya ce da irinta ake ɗaure jirgin ruwa. Ban taɓa ganin motar ba igiyar nan ba.

Garinmu yana ciki, sai ka bar kwaltar da ta tafi Kafur ka gangara. Tsakaninmu da titi akwai wani mashigi mai baƙar laka. Da rani ko keke wucewa yake yi a guje, amma da damina wurin yakan zama abin da ya zama. Duk motar da ta kafe a nan, ba a tambayar wa za a kira. A aiko, Baba ya ajiye ko me yake yi, ya tafi. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. In an matsa masa sai ya ce a yi wa iyayensa addu'a. Muna yara har haushi muke ji, don sau da yawa an zuba abinci ke nan za a yi sallama, ya wanke hannu ya fita, ya dawo da laka har gemu yana murna kamar wanda aka yi wa albishir.

A bakin igiyar nan Baba ya yi karatun motoci. Bai damu da abin da masu sayarwa suke faɗa ba, abin da ya sani shi ne wace mota ya ja, kuma yaya ta biyo shi. Akori-kura 'yar Japan yana ganin girmanta ƙwarai. Yakan ce jaka ce, ba ta ciwo, ba ta ƙorafi, kayan gyaranta kuma ko a Malumfashi ka tsaya za ka samu. Aibinta ɗaya, bayanta ba nauyi. In ba ta da kaya sai ta tsaya a laka tana wulwula taya tana watsa wa mutane taɓo, amma ka ɗora mata 'yan buhunan masara ka ga aiki. Manyan jif na masu hannu da shuni kuwa dariya suke ba shi. Wai babbar riga ce, ta yi kyau a wajen ɗaurin aure, amma ba a shiga kunya da ita. Ga nauyi, ga ciki a ƙasa, in ta zauna a laka ta zauna ke nan, kuma duk gabanta roba, ba inda mutum zai ɗaura igiya. Akwai wadda ya taɓa ja, gaban ya biyo shi, motar ta tsaya inda take. Wannan labarin na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum sai ya yi dariya har ya share hawaye. Ƙananan jif ɗin nan masu ƙofa biyu yakan ce awaki ne, suna tsallake laka don ba su da nauyi, sai dai kada ka ce su ja wani. Tasa kuwa san huɗa ce, ba gudu, ba kyan gani, amma in ta sa wuya sai abin da ke baya ya taso.

Da na kawo maganar sayarwa na shirya wa rigima, sai ya ba ni mamaki. Ya ce ai gaskiya ne, a nemo mai saye. Na koma Funtua da murna na sami wani dillalin motoci, mutum mai zaƙin baki wanda zai iya sayar maka da rigar da ke jikinka. Ya zo ya zagaya motar, ya ce irin wannan ai nema ake yi, kafin sati ya zagayo an wuce wurin.

Mai saye na farko wani Alhaji ne mai sayen hatsi, yana son abin da zai riƙa shiga ƙauyuka da shi lokacin kaka. Dillali ya buɗe baki ya fara zuba: injin ba a taɓa sauke shi ba, jiki ba tsatsa, ƙarfe na da ba na yanzu ba. Alhajin yana ta gyaɗa kai. Har an fara maganar tayi, sai Baba ya yi gyaran murya daga kan tabarmarsa.

"Alhaji, shari'a ta ce mai kaya ya hwaɗi aibin kayanshi. Zauna in gaya maka."

Ya fara. Tana zubar da baƙin mai, duk inda ta kwana sai ta bar shaida. Birki sai an taka an sake takawa kafin ya tuna aikinsa. Sitiyari yana da wasa, sai ka murza ka jira. Ƙofar baya da waya ake ɗaure ta. In ana ruwa rufin yana ɗiga daidai kan gwiwar direba. Mai kuwa, yadda ya yi tsadar nan, sha take yi ba tausayi. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya, amma yadda yake jero su a natse, yana ɗan tsayawa don kowanne ya shiga, ko ni sai da na ji motar ta fita raina. Da ya gama sai ya ƙara da shawara.

"Ni in ni ne kai, akori-kura zan nema. Ga wurin buhu, ga sauƙin mai. Wagga ta tsohwahhi ce."

Alhajin ya yi godiya har da riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya ce rabon da ya ga mai gaskiya irin wannan ya manta. Ya tafi ya sayi akori-kura a hannun wani dillalin. Namu dillalin ya hau babur ɗinsa ko sallama bai yi ba.

Haka aka yi ta yi. Wanda ya zo yana son ƙarfi, Baba ya nuna masa tarakta ta fi. Wanda ya zo yana son ta kai 'ya'yansa makaranta, Baba ya ce ƙaramar jif ta fi taushin kujera, wannan sai ta zubar wa yara da haƙora. Wani ɗan gwangwan ya zo yana ƙwanƙwasa jikinta da yatsa yana auna nauyin alminiyam da ido. Shi ko aibi ba a faɗa masa ba, Baba ya ce "albarka" tun kafin ya buɗe baki ya taya. Akwai kuma wani baƙo da ya zo da kuɗi a jaka, bai tambayi birki ba, bai tambayi mai ba, tambayarsa ɗaya ko tana shiga daji inda ba hanya. Baba ya tambaye shi ɗan wane gari ne, gidan wa. Amsar ba ta zauna ba. Baba ya ce motar ba ta sayarwa ba ce. A zamanin nan da muke ciki ba sai an yi wa kowa bayani ba, kuma a wannan kam na goyi bayansa.

Amma kwanaki suna tafiya. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma yana watsewa, iska ta fara kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri. Inna ta daina yi mini magana da baki, sai dai in na shigo ta dubi sama ta dube ni. Ni kuwa ina da zuciya, gadonta na yi a wajen shi Baban. Ranar da ya kori wani mai saye, ban san ko na nawa ba ne, na kasa haƙuri.

"Baba, wai kai da ke sayar da kaya kai ne mai kushe shi?"

"Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. So kake in ci haram da tsuhwana?"

"Ba tsoron haram ba ne. Ba ka son rabuwa da ita ne, shi ke nan."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya yi ta juya carbinsa, har na fara jin kunya. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Kai kana Funtua, ba ka gani. Tun da idon nan ya taɓu, mutane sun sake muryar da suke gaishe ni da ita. Irin muryar da ake duba maras lahiya. Da in an yi sallama a ƙohwar gidan nan, wani abu ake so in yi. In ta tahi, mi za a zo nema wurina?"

Tausayinsa ya kama ni. Amma na tuna tabarmar matar nan ta Dayi, na daure ban janye ba. Na ce masa ko me zai faru, motar ba za ta ga ruwan bana a gidan nan ba.

Ana cikin haka Sarkin Noma ya zo. Bamaguje ne, gidansa yana hayin mashigi, yana nan kan addinin kakanninsa. Manomi ne na ji da gani, rumbunansa daga nesa kamar wata unguwa. Baba ya girme shi da 'yan shekaru, kuma abokai ne tun ban san kaina ba. Shekara da shekaru Baba yana kiransa zuwa salla, shi kuma shekara da shekaru yana cewa bari dai a gama girbi. Ba wanda ya gaji a cikinsu. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai jan ƙafa biyu kawai, wadda ta fi kowace mota a ƙasar nan sanin ɗanɗanon igiyar Baba.

Ya zauna a bakin tabarma, aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu, sannan ya ce ya ji ana sayar da tsohuwa, shi ya zo saye. Na aika aka kira dillali. Baba ya gyara zama, ya ɗauko karatunsa.

"Tana zubar da baƙin mai."

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

"Birki sai an taka..."

"An sake takawa. Na sani."

"Ruhin yana ɗiga."

"Kan gwiwa. Aradu, Alhaji, ranar da ka kai uwar 'ya'yana asibiti tana naƙuda, ni na riƙe maka kwano a wurin. Ka manta?"

Baba ya jawo makaminsa na ƙarshe. Ya ce shi a ganinsa akori-kura 'yar Japan mai jan ƙafa huɗu ta fi dacewa da manomi, ga wurin kaya, ga kayan gyara a ko'ina.

"Akori-kura ai ina da ita, kai ka ke jan ta duk shekara. Ni wadda ke ja nika so, na gaji da zama wanda ake ja."

Na ga bakin Baba yana motsi yana neman wani aibin, bai samu ba. Duk wanda zai faɗa mutumin nan ya riga ya san shi, ya kuma yarda. Aka yi tayi, aka ɗan ja kamar yadda aka saba don kada a ce ba a yi ciniki ba. Daga ƙarshe Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Na sallama. Allah ya sa albarka." Sarkin Noma ya ce amin da ƙarfi, ya fi dillali ma.

Har an miƙa makulli sai Baba ya tashi. Ya lalubi jikin motar da hannu ya bi har gaba, ya durƙusa ya fara warware igiyar daga ƙarfen. Dillali ya yi tsalle.

"Haba Alhaji, ai da igiyar aka ga mota!"

"Kai yaro, ka taɓa ganin an sai da sa da igiyarshi?"

Wanda duk ya taɓa kai dabba kara ya san wannan. Mai saye shi ke zuwa da igiyarsa. Mai sayarwa ya kwance tasa ya koma da ita gida, don kada arzikin turke ya bi dabbar ya fita. Ban taɓa jin an yi wa mota haka ba, na buɗe baki zan yi magana, sai Sarkin Noma ya riga ni. Ya daɗe yana kallon Baba yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, sannan ya ce, "Gaskiyar Alhaji ce. Igiya ba ta cikin ciniki."

Motar ta tafi, ta bar baƙin tabo a ƙasa inda ta shekara da shekaru tana kwana. Baba ya rataye igiyar a wani ƙusa a zaure. Inna ta yi hamdala, ta dama mini fura da hannunta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ni ma na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Sai dai kwanakin da suka biyo baya ba su yi mini daɗi ba. Baba ya koma zaman zaure da rediyo. Ya rage cin abinci, ya rage faɗa, kuma rage faɗan ya fi damuna.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka ina gida. Da hantsi muna zaune sai muka ji hon, irin nata mai kama da kukan tsohon rago. Baba ya ɗaga kai tun kafin ta tsaya. Sarkin Noma ya leƙo ta taga.

"Alhaji, motar taki ta kahe a mashigi. Ga ni da mota ba igiya. A ara mani."

"Igiyata ba ta zuwa ko'ina ba ni."

"To ai sai ka shigo, mi ka ke jira?"

Kafin in ce wani abu Baba ya sauko da igiya, ya saɓa a kafaɗa, ya shige kujerar gefen direba. Na dubi Inna, Inna ta dube ni. Ba shi ke tuƙi ba, wannan kam mun samu. Ya dawo da azahar da laka har gemu, ya cinye tuwo ya nemi ƙari, ya yi wa kowa faɗa a gidan.

Na ɗauka sau ɗaya ne, kafin mutumin ya sayi tasa. Ina! Duk ruwan da aka yi sai hon ya yi kuka a ƙofar gida. Baba ya fara dawowa da tari. Wata rana santsi ya kwashe shi ya gurje gwiwa. Raina ya ɓaci. Mutum mai rumbuna kamar unguwa, a ce igiya ta gagare shi? Na ce wannan rowa ce, kuma ba a kan ubana za a yi ta ba. Na shiga kasuwar Funtua na sayi igiyar jan mota ta zamani, mai faɗi, mai ƙugiya a kowane baki, na hau babur na kai wa Sarkin Noma har gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta sa mini albarka, ya sa aka kama mini zabi biyu.

Ruwa na gaba, sai ga hon a ƙofar gida. Da na tare shi ya ce ai igiyar nan ta yi kyau da yawa, shi bai yarda da abin da ke sheƙi ba. Na koma na sayo sarƙa. Ya ce sarƙa in ta tsinke kisa take yi, yana da iyali. Na rasa yadda zan yi da tsohon nan. Na ce to, ranar da ya sake zuwa da ni za a tafi, in ga abin da ke cikin igiyar Baba da babu a ta kowa.

Ranar wata bas ce ta 'yan kasuwar Kafur ta kafe, mata sun fito sun tsaya a kan tudu da kayansu. Ina zaune a baya kan benci, ƙofar da ake ɗaurewa da waya tana ta ƙara. Tun daga nesa na ji ana cewa, "Ga Alhaji nan! Alhaji ya iso!" Ba da muryar duba maras lafiya ba. Baba ya sauka ya dafa kafaɗar Sarkin Noma, suka shiga laka tare. Ya durƙusa a gaban bas ɗin, ya zura hannu ƙarƙashi yana lalube har ya sami ƙarfen da ya yarda da shi, ya yi ɗaurinsa. Wannan aikin dama ba da ido ake yin sa ba. Sarkin Noma ya kama hannunsa ya kai shi kan tudu, nesa da inda igiya za ta iya kaiwa in ta tsinke, ya tsayar da shi, sannan ya dawo ya shiga mota.

Daga inda nake ina ganin hannunsa. Ya ɗora shi a kan 'yar sandar nan mai jan kai, ya bar shi a nan. Mutumin da ya shekara yana tuƙa tarakta, ya san abin da zai yi sarai. Amma bai ja ba. Ya zauna yana jira, injin yana ta kaɗawa, har muryar Baba ta taso daga kan tudu.

"Ja ƙaramar giya! Sannu! Kada ka ba ta wuta, bari igiya ta miƙe tukuna. Yauwa. Yanzu!"

Sai a lokacin ya ja. Igiya ta miƙe tana ɗigar da ruwa, tsohuwa ta yi nishi, bas ta taso daga laka. Mata suka yi guɗa. Wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta ba Baba goro, ya karɓa, ya ce a yi wa iyayensa addu'a. Sarkin Noma ya waiwayo ya ga ina kallonsa. Na ji ƙaunar mutumin nan ta cika mini ciki, na juya ina kallon gonaki don kada ya ga idona.

Daga ranar ban sake sayen igiya ba. Rigar ruwa na saya wa Baba, da dogon takalmin roba. Inna ta ce mun haɗa kai da Bamaguje za mu kashe mata miji, amma ita ce take ajiye takalmin a bakin zaure duk ranar da hadari ya haɗu.

Haka suka yi 'yan daminu. Idon ya ci gaba da rufewa har ya zama sai an riƙe masa hannu zuwa masallaci, amma mashigi bai fasa ba. A hanya suna tafe suna musu, Baba yana cewa an kusa gama girbi ai, Sarkin Noma yana cewa saura dawa. Baba ya rasu bayan an kai amfanin gona gida, ciwon 'yan kwanaki, a ɗakinsa, a kan shimfiɗarsa, kamar yadda Inna ta roƙa.

Sarkin Noma ya zo zaman makoki kullum. Yakan zauna a ƙarshen tabarma, in ana addu'a ya sunkuyar da kai ya yi shiru har a shafa. Ranar da aka tashi daga zaman, na shiga zaure na sauko da igiyar. Ta yi nauyi, busasshiyar laka tana zuba daga jikinta. Na same shi a bakin mota zai tafi, na miƙa masa.

"Baba Sarki, ga ta. Kai ka fi kowa cancanta da ita."

Bai karɓa ba. Ya ɗaga kujerar da Baba yake zama, ya nuna mini akwatin da ke ƙarƙashi. Ga igiyata mai sheƙi a cikin ledarta ko buɗewa ba a yi ba, ga sarƙa a gefe.

"Igiya ina da ita, ɗana, har biyu. Mai da wagga inda ya rataye ta. Ba a hidda igiya daga gida."

Na mayar da ita kan ƙusarta, tana nan har yau. Yanzu da mai sheƙin yake jan motoci, ta daina sheƙi tuni. Hanyarsa zuwa mashigi ba ta biyo ta gidanmu ba, shi da yake hayi. Amma duk ranar da aka yi ruwa aka kira shi, in ya gama sai ya haura ya zagayo ta ƙofar gidanmu. Ya tsaya daidai tabon baƙin man nan, ya danna hon, ya ɗan jira injin yana kaɗawa. Inna tana ji daga ciki, takan ajiye abin da ke hannunta har sai ya ja mota ya wuce.